Diyauci da amalanken jaki

Jama'a, yau maganar amalanke zan yi. I, amalanken jaki, wanda kuke danna wa oda in ya tare muku hanya a bakin kasuwa. Na san wani zai ce shafin nan ya rasa abin faɗa, ƙasa na cikin wanga hali su kuma suna zancen jaki. Ku dai yi haƙuri ku bi ni har ƙasa.

Tun 2023 babu kalmar da ta cika mana kunne kamar diyauci. A rediyo diyauci, a fada wajen shayi diyauci, mu ci abin da muka noma, mu yi aiki da abin da muka ƙera. Madalla. To mu ƙirga, cikin duk abin da ke da taya yana ɗaukar kaya tsakanin Madawa, Buza da Keita, wanne ne hannunmu ya ƙera? Kamyo tsoho ne da Turawa suka gama da shi, ya sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome. Babur da mai ƙafa uku daga Sin ko Indiya suke zuwa cikin kwali. Abu ɗaya ya rage, shi ne amalanke. Gaskiya ne taya da janti na mataccen mota ne, ƙarfen ma ba mu muka narka shi ba. Amma awo, yanka, walda, katako da gyara, duk a rumfar wani mutumin garinmu ake yin su, kuma kuɗin aikin a garin suke kwana. Shi ne kuma abin da mu ƴan lakkol muka fi rainawa.

Mu fara da ruwa, don lissafinsa ba ya buƙatar takardar jami'a. Bido ɗaya na lita 25 nauyinsa kilo 25 ne. Shi yarinya ke ɗorawa a ka, ta hauro da shi daga rijiyar da ke cikin kwari zuwa garin da ke bisa dutse. Tano biyu na lita 200 a kan amalanke lita 400 ke nan, wato bido 16. Sawu 16 na yarinya, sawu ɗaya na jaki. Duk mai son ya san abin da ke hana wasu ƴan matan Adar zama a aji, ya ajiye jawabi ya dubi lissafin nan.

Sai taki. Kowa ya taɓa lura gonakin bayan gari sun fi na nesa kyau, ba don ƙasarsu ta fi albarka ba, don taki na isa gare su ne. Mutum ba ya iya kai jibjin gidansa gonar da ke da nisan tafiyar awa guda a cikin kwando. Tassa da rabin wata, da manomanmu ke farfaɗo da fako da su, taki ne ransu. Ramin tassa in babu taki, rami ne kawai. A wajen Badagishiri da Illela, inda tassa ta bazu tun ƙarshen shekarun 1980, har fakon da aka yasar ya koma abin saye da sayarwa, kuma mai hanyar kai taki shi ke iya sayensa ya ci riba. Haka albasa. Kamyon da zai kai ta Abijan ko Kumasi ba ya shiga garka cikin kwarin Tarka. Babban buhu kan wuce kilo 100. Daga garka zuwa rudu, daga rudu zuwa bakin gudron, jaki ne da amalankensa. Kasuwar da muke alfahari da ita a duk yammacin Afirka, a kan tayu biyu take fara tafiya.

Mutanen Keita sun fi kowa sanin darajar ɗaukar kaya. A 1984, shekarar yunwar da iyayenmu ke kira El Buhari, aka fara babban furojen Keita da kuɗin Italiya, FAO na kula da aikin, PAM na biyan ma'aikata da abinci. Maza da yawa sun tafi biɗa, don haka mata ne suka yi mafi yawan aikin: haƙa, jera duwatsu, cika ragar waya da dutse don tare ƙorama, dasa itace. Rahotannin aikin sun ba da lissafin itatuwa kusan miliyan 18 da fili sama da hekta 34,000 da aka farfaɗo. Wanda ya bi hanyar Keita zuwa Ibohaman ko Tamaske ya ga abin da idonsa, ba sai an ba shi labari ba. Amma jeren dutse ba a gama shi sau ɗaya. Kowace damina ruwa na ture wani wuri, sai an kawo sabon dutse an toshe. Lokacin furoje akwai manyan motoci da tarakta. Yau in shinge ya fashe a gonar bazawara, me zai kawo mata dutse? Ko kanta, ko amalanken maƙwabci. Haka layukan bedi na kwarin Maggiya da aka fara dasawa da taimakon CARE a 1975 don tare iska: in an sassabe rassa, amalanke ke fitar da itacen.

Gomnatocin baya sun gane wannan, kada mu ɗauka mu muka fara wayo. Shi ya sa aka kafa ACREMA a Tawa, C/DARMA a Doso da UCOMA a Damagaram, ma'aikatun ƙera garmar shanu, amalanke da sauran kayan noma, manoma na ɗauka bashi ta hanyar ƙungiyoyinsu. Da tsarin bashin noma ya durƙushe a shekarun 1980, ciniki ya ja baya, sana'ar ta dawo hannun maƙera da masu walda na garuruwa. Su suka riƙe ta har yau, ba tallafi, ba zane, ba wanda ya taɓa kiransu taro ya ba su kujerar gaba.

Abin da ke damuna shi ne amalanken da muke gani yau kusan shi ne wanda kakanninmu suka saya: shimfiɗaɗɗen katako bisa tayu biyu. Ya dace da buhu da tano. Amma taki, yashi, tsakuwa da shara fa? Ka loda da shebur, ka je ka sauke da shebur, aiki biyu kan kaya ɗaya. Ko kuma ka kwance jaki, ka ɗaga sandunan sama, kaya su zube, ka sake ɗaurawa. Alhali amalanke mai juye kaya da kansa, irin yadda tifa ke yi, ba ya buƙatar inji ko mai. Gado biyu ake yi. Na ƙasa shi ke riƙe da ƙarfen tayu da sandunan da ake ɗaura wa jaki. Na sama akwati ne mai bango, an haɗa shi da na ƙasa da maƙalai biyu masu juyawa irin na ƙyauren ƙarfe, amma masu kauri. A gaba akwai ƙusa guda da ke kulle su. In ka isa gona ka zare ƙusar, ka buɗe murfin baya, ka ɗaga gaban akwatin da hannu, kaya su zube, jaki na tsaye bai ma san abin da ake ciki ba.

Duk sirrin yana wajen da aka sa maƙalan. Ana son su ɗan wuce tsakiyar akwatin zuwa baya kaɗan. In sun yi baya da yawa, ƙato biyu ba su ɗaga shi in ya cika. In sun zo tsakiya ko sun wuce gaba, ranar da ƙusar ta zame a hanya akwatin zai juye da kansa, wataƙila a kan yaron da ke biye. Haka ma ƙarfen tayu. In ya koma baya sosai, nauyi ya taru a gadon bayan jaki, shi ne gyambon nan da kuke gani an rufe da tsumma, ƙuda na bi. In ya matso gaba sosai, a hawan tudu kaya su rinjayi baya su ɗaga dabbar sama. Kun sha ganin hoton jaki na lilo a iska, kuna turawa juna kuna dariya. Ba jakin ne ya yi wauta ba, awo ne aka ɓata da lodi da aka wuce. Amalanken jaki ɗaya an tsara shi ne kan kilo 500, na shanu biyu kan tan guda, kuma wannan a hanya mai kyau ne, ba cikin rairayin Tarka ba.

Ga kuma abin da ya shafi ƙasarmu ta duwatsu musamman, wanda mai ƙera amalanke a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ya tunawa da shi: gangara. Wanda ya san saukowa daga tudun Buza ko na Garhanga ya san a nan amalanke ke tura jaki, ba jaki ke jan amalanke ba. Maganinsa abu biyu ne masu arha. Ɗamara mai faɗi da ke zagaya bayan cinyoyin jaki don ya iya tokare kaya da ƙugunsa, da birki na hannu, wato sandar ƙarfe da aka liƙa wa guntun tsohuwar taya, in an ja ta danne tayu biyun. Nawa kuka taɓa gani da birki? Ni dai ƴan kaɗan. Sai ƙananan abubuwa da ke kashe amalanke kafin lokacinsa: rulma da aka bari ba giris ba marufi, rairayi ya shiga ya cinye ta, taya biyu da ba girmansu ɗaya ba, tayar da mai faci na ƙauye ba ya da irin tub ɗinta, walda ta shafe-shafe a daidai inda sanduna suka haɗu da gado, wurin da ya fi ko'ina karyewa. Akwai kuma masu ganin ƙarfe mai nauyi shi ne inganci, su manta duk kilon da aka ƙara wa amalanke an rage shi ne daga kayan da jaki zai ja.

Kwanaki na tsaya rumfar wani dattijo mai walda a Madawa, na ce masa, "Baba, me ya hana ku yin mai juyewa, da birki?" Ya ɗaga tabaraunsa ya dube ni. "Ɗana, wa ya ce a yi muka ƙiya? Wanda duk ya taho nan, mai arha yake biɗa. In na ƙara ƙarhe kuɗi su hau, shi ko ya tahi wajen wani. Kawo komandi da kuɗin ƙarhe ka gani." Ya mayar da tabarau ya ci gaba da aikinsa.

Wannan ita ce maganar. Hannu akwai shi. Abin da babu shi ne jari, da wuta tsayayya, da mai saye da zai biya inganci. Mai walda ba ya da kuɗin da zai sayi korniyar da faifan ƙarfe ya ajiye, sai mai aiki ya kawo rabin kuɗi. Tsofaffin ƙarafan mota da yake dogara da su, masu sayen gwangwan na kwashe su bisa kilo suna lodawa waje. Da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023 bayan takunkumin CEDEAO, masu walda na cikin waɗanda suka fara ji a jika, don sai da janareta, shi kuma sai da mai.

To wa zai zama mai sayen nan? Ni a ganina ma'aikatun magajin gari ne, da furojoji, kuma shara ce ƙofar shiga. Ku dubi garuruwanmu gab da damina. Jibji a kowace kusurwa, kanibo cike da rairayi da leda, duk da cewa tun 2014 akwai dokar da ta hana ledar. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi sama da miliyan ɗaya. Ba na cewa shara ce ta kawo ruwan, ruwan ya yi yawa ne. Amma a cikin gari, magudanar da ta toshe ita ke zaɓa wa ruwa gidan da zai shiga. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: muna jiran kamyo mai juyewa, an yi alkawarinsa. Wani lokaci ya kan iso, a yi biki, a ɗauki hoto. Bayan shekara biyu wani ɗan ƙarfe ya lalace wanda babu shi ko a Yamai, sai ka tarar da shi a harabar ma'aikata bisa duwatsu, awaki na kwana ƙarƙashi. Ko da yana da lafiya, lungunan tsohon gari ba su ɗaukarsa. Kuɗin kamyo ɗaya amalanke nawa za su ƙera? Matasa nawa za su ci abinci?

Ba sabon abu nake kawowa ba. A Bamako tun farkon shekarun 1990 ƙungiyoyin matasa ke bin gida gida da amalanken jaki suna kwashe shara, kowane gida na biyan kuɗin wata. A Wagadugu ƙungiyoyin mata sun yi haka. Inda abin ya ba su wahala shi ne wurin tarawa: amalanke ya kawo, motar da za ta kwashe zuwa bayan gari ba ta zo ba, tsibi ya zama dutse a tsakiyar unguwa. Mu wannan matsalar ba ta kai tasu ba. Madawa, Buza da Keita ba Bamako ba ne, daga tsakiyar gari zuwa gona tafiyar jaki ce. Sharar gidajenmu kuwa yawancinta rairayi ne, toka, kashin dabbobi da ragowar kara. A tsince leda da batir da kwalba, abin da ya rage taki ne, kuma manoma sun daɗe suna neman jibji da kansu. Mai amalanke ya karɓi na gida, ya karɓi na manomi.

Amma a kula da yadda ake ba da aikin, don nan ake cin amana. In aka ce za a sayi amalanke hamsin, takarda ake nema: NIF, rajista, shaidar biyan haraji. Dattijon nan na rumfa ba ya da ko ɗaya. Sai ɗan kwangila mai jakar takardu ya karɓi aikin, ya cire nasa, ya kai wa mai walda ragowar ya ce a yi da gaggawa. Ƙarfe ya sirance, fenti ya yi kauri. Damina ɗaya su karye, a ce ai kayan gida ba su da ƙarko. Abin da ya kamata shi ne masu walda na kowane gari su haɗu cikin ƙungiya mai takarda, ga CMANI nan da aka kafa don masu sana'ar hannu, a ba su aikin kai tsaye, a biya kuɗin ƙarfe tun farko, a loda wa na farko kaya a gwada shi gaban jama'a kafin a ce a yi sauran. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ke riƙe da garuruwa. Ba su da majalisar da za su ce ita ta hana. Sa hannunsu ya isa.

Mu kuma masu digiri, ina amfaninmu? Muna da EMIG a Yamai, muna da makarantar fasaha ta Maraɗi, ga cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi. Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundi kan injunan da ba wanda zai taɓa ƙerawa. Ɗalibi ɗaya ya zauna wata uku da mai walda, su ƙera mai juyewa, su gwada, su gyara, ya zana shi a takarda ɗaya da awo a santimita, bayani da Hausa, boko da ajami, a manna a kowace rumfa daga Bangi har Tamaske. Ba lasisi, ba sirri. FAFPA na da kuɗin horar da masu sana'a, ga abin horarwa.

Na san abin da za a ce. Duniya na zancen mota mai aiki da lantarki, kai kana mayar da mu zamanin jaki. Ɗan'uwa, ba ni na mayar da kai ba, a nan muke, leƙa waje ka gani. Kuma hannun da ya iya daidaita amalanke mai juyewa shi ne zai ƙera tirelar da tarakta ko babur mai ƙafa uku zai ja, lissafin nauyi ɗaya ne, ƙarfe ne ke ƙaruwa. A Indiya ƙananan rumfunan walda ne ke ƙera yawancin tirelolin tarakta na ƙauye. Ba na gaba da mai ƙafa uku, ya fi sauri, a kan gudron ya fi jaki nesa ba kusa ba. Sai dai da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda kwalbar isansi ta bakin hanya ta tashi a garuruwan iyaka. Jaki ma ba kyauta yake aiki ba, da rani harawa da dusa kuɗi ne, amma kuɗin a hannun manomin garin suke faɗawa.

Akwai zargi biyu da na yarda da su. Na farko yara. Da yawa daga masu tuƙa amalanke ba su kai shekara goma sha biyu ba, kuma lokacin aji suke yi. In hukuma za ta ba da aikin shara, a rubuta cikin yarjejeniya: baligi ne zai tuƙa, in an ga yaro an karɓe aikin. Na biyu shi kansa jakin, da muke saka wa da sanda da yunwa. Mun kusa rasa shi ma. Saboda fatarsa da ake kaiwa Sin ana haɗa magani, farashinsa ya yi tashin da ya sa Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Dabbar da sai da shugabannin ƙasashe suka zauna kanta, ta cancanci ɗamara mai laushi da lodi daidai ƙarfinta.

Kafin kantoma ya sa hannu, kafin ɗalibi ya yi zane, akwai abin da ba ya jiran kowa. Babbar hanya mai lamba ɗaya da ta ratsa Madawa, amalankai na hawanta da asuba da bayan magariba, ba fitila, ba komai mai ƙyalli a bayansu. Direban bas da ya taso daga Maraɗi ko Ƙonni ba ya ganinsu sai ya iso kansu. Madubin ja na bayan mataccen mota, ko ɗan tsiri na leda mai ƙyalli irin ta rigar masu aikin hanya, ƙusa biyu ke riƙe shi a katakon baya. Kowace fada ta ware kuɗin shayin kwana biyu ta saya, ranar kasuwa a je inda masu amalanke ke ɗaure jakuna da guduma da ƙusoshi. A nemi izinin mai shi tukuna, a gaishe shi, a buga ɗaya dama ɗaya hagu. A yi shi kafin watan Maris, lokacin da albasa ke fitowa gadan-gadan, amalankai su cika hanyar Tunfafi da Galmi har cikin dare.